Na Tona Wa Yagana Asiri a Kamfanin Inshora da Muryar Wata

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Na san halin wasunku, tun ba ku kai tsakiyar labari ba kun fara rubuta “muguwa” da “Allah ya isa”. Wanda zagi ya kawo shi ya wuce abinsa, don babu kalmar da zai faɗa mini wadda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Duk sunayen da za ku gani na canza su.

Ni matar aure ce a Ajilari, nan Maiduguri. Iyayena mutanen Kano ne amma a nan aka haife ni, a nan na yi makaranta, kuma ina jin Kanuri sosai. Sana'ata kai yara makaranta da safe, in ɗauko su idan an tashi, iyayensu su biya ni a ƙarshen wata. A layinmu ni na fara wannan sana'a, kowa ya shaida. Motata ta farko ruwa ne ya cinye ta shekarar da ambaliya ta shiga gari. Tana garejin wani makanike a wajen Kasuwar Kwastam ana duba mata giya, da ruwan ya janye muka je muka same ta cike da laka har kan sitiyari. Takardar inshorar da nake da ita a lokacin irin wadda ake haɗa wa mutum ce da takardun mota don ya nuna wa 'yan sanda a hanya. Na ɗauke ta na kai ofishin da aka ce nasu ne, matar da ke kan tebur ta juya ta gaba da baya ta ce, “Hajiya, wannan wanda kika buge kawai take biya, motarki ba ta ciki.” Na dawo gida a keke ina kuka, mai keken yana ta ba ni haƙuri bai san ma me ya faru ba.

Da Allah ya sa na sake samun mota, bayan na sayar da 'yan kunnena da filin da na gada, na yi rantsuwa ba zan sake hawa titi da takardar banza ba. Na ɗauki ƙafa na zaga kamfanoni uku ina tambayar farashin cikakkiyar inshora, wadda za ta biya motata, ta biya wanda na buge, ta biya yaran da ke ciki. Na farko suka zaunar da ni a ofis mai sanyi suka faɗi kuɗin da ya sa na tambaya ko motar ce za su sayar mini. Na biyu na takaful ne, irin na Musulunci, suka yi mini dogon bayani cewa gudummawa ce ake haɗawa, farashinsu ya ɗan sauka amma ba sosai ba. Na uku su ne mafi araha, wani saurayi mai fara'a ya karɓe ni. Amma duk ukun tambaya ɗaya suka yi mini: me za ki riƙa yi da motar? Da na ce yaran mutane zan riƙa ɗauka ana biya na, sai farashin ya yi tsalle, wai ta zama motar haya ke nan. Na ce wa saurayin, to idan na rubuta ta gida ce fa, wa zai sani? Ya daina murmushi ya ce, “Hajiya, kada ki fara. Ranar da wani abu ya faru muka gano kina karɓar kuɗi, ko sisi ba za ki gani ba.” Na ajiye lambarsa a wayata ko zan dawo, amma daga ƙarshe na takaful na zaɓa, na rubuta gaskiya, na biya mai tsadar. Maigidana ya yi ta mita wai na zuba kuɗi a rijiya saboda takarda. Dole na ɗan ƙara wa iyaye kuɗin wata, na bi su gida-gida ina yi musu bayanin dalili.

To a nan Yagana ta shigo. Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon tasu. Wata rana da la'asar ta shigo da laffayarta tana ƙamshin turare, ta zauna a kan tabarmata ta sha shayina, tana ta tambaya kamar mai tausayina. Nawa kike karɓa, ta wace hanya kike bi don kauce wa cunkoso, wane kamfani ne ya fi sauƙi. Ni kuma da wautata na zazzage mata komai, har abin da saurayin nan ya gargaɗe ni a kai. Ba a daɗe ba sai ga mota a ƙofar gidansu, mijinta ya saya mata. Ta je kamfani na uku, mai arahar nan da ni na nuna mata, ta yi cikakkiyar inshora ta rubuta motar gida ce, ta kai 'ya'yanta makaranta da zuwa kasuwa. Tunda ba ta ɗauki nauyin da na ɗauka ba sai ta karya farashi. Ɗaya bayan ɗaya iyaye suka fara kira na, “Anti, wannan watan ki bari kawai, mun samu wata hanya.” Wace hanya? Ina zaune a motata da kujeru a wofi, ina kallon yaran da na goya tun suna ajin rainon yara suna hawa motar Yagana a gaban idona.

Da a nan ta tsaya da na haƙura, kasuwa ce, kowa da rabonsa. Amma Yagana ba ta iya cin nasara da baki a rufe ba. Ta ce wa iyaye son kuɗi ne ya sa na ƙara farashi, maganar inshora ƙarya ce. Ta ce ina yi wa yara tsawa. A wani suna da aka yi a layinmu, mata cike da tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce, “Ku tambayi Afuno, ita ce farfesar inshora. Ta biya kuɗin jirgin sama a kan motar da ba ta da fasinja.” Afuno shi ne yadda suke kiran Bahaushe, kuma ba kalmar ce ta ƙona ni ba, dariyar ce. Har da matan da na sha kai 'ya'yansu asibiti kyauta. Na yi murmushi na ci shinkafata, amma tun daga ranar idan na ji ƙarar motarta da safe sai raina ya ɓaci. Ku gaya mini, wace ce a cikinku za a yi wa haka ta ce ba ta ji komai ba?

Ranar da ta yi hatsari ina bayanta a hanya, ba nisa. Da idona na ga kanta a sunkuye, waya take dubawa, ta je ta daki bayan wata motar ɗaukar kaya da ta tsaya a mahaɗa. Gaban motarta ya lotse, gilashi ya tarwatse, yara suna ta ihu. Ni na fara tsayawa. Ni na ciro su ɗaya bayan ɗaya, na zuba su a motata na kai asibiti, jinin goshin wani yaro har a hijabina. Ina faɗin wannan ne don ku san ni ba dabba ba ce. Yawancinsu ƙujewa ce kawai da firgita, sai yarinya ɗaya, Aisa, 'yar aji biyu, wadda ke zaune a gaba. Hannunta ya karye a gwiwa. Uwarta Fanna tela ce a bayan layinmu, mijinta direban keke ne, mutane ne masu ƙaramin ƙarfi da suka koma wajen Yagana don sauƙin kuɗin.

Bayan kwana biyu Yagana ta fara zagaya gidajen iyaye. Tana ce musu kamfani zai turo mai bincike, don haka kowa ya ce masa taimako take yi, 'ya'yan maƙwabta ne take rage wa hanya don Allah, ba ta karɓar ko kwabo. Duk suka amince. Sannan ta shigo gidana, ba sallamar kirki, ta tsaya a bakin ƙofar kicin ina tankaɗe.

Ta jefo mini sannu da Kanuri, ta ce, “Wushe da aiki. Idan mutumin inshora ya zo layin nan ya tambaye ki, kin san abin da za ki ce.”

Na ce, “Me zan ce?”

Ta ce, “Ki ce ba haya nake yi ba mana. Ke da kika san dokokinsu kamar kin rubuta su.”

Na ce, “Wato in yi miki ƙarya.”

Ta yi 'yar dariya ta gyara laffayarta. “Ƙaryar me? Kuɗin kamfani ne, ba na ubanki ba. Za su gyara mini mota, wataƙila ma su ba ni sabuwa. Kin ga bambancin mai wayo da mai karatun takarda ke nan.”

Ko godiyar yaran da na kwasa zuwa asibiti ba ta yi mini ba. Ta juya ta fita, ta bar mini ƙamshin turarenta a tsakar gida. Na tsaya da rariya a hannu. Wato ni da na faɗi gaskiya na biya mai tsada na rasa yara, ita da ta yi ƙarya ta kwashe mini kasuwa ta kusa kashe 'ya'yan mutane, ita ce za a ba sabuwar mota? Kuma da bakina za a ba ta?

Washegari da rana ina ƙofar makaranta ina jiran a tashi, na ɗauko waya na nemo lambar saurayin nan na kamfani na uku. Na ɓoye lambata na kira. Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ji tsoron ya gane muryata, don haka na karya harshe na yi Hausa irin ta wadda Kanuri ya fi ƙarfi a bakinta, abin da na iya tun muna yara muna kwaikwayon juna. Na gaya masa lambar motar, na ce haya take yi, kowane yaro ana biya masa duk wata, su tambayi maigadin makaranta, su duba kuɗin da ake tura mata. Ya ce, “Hajiya, wace ce ke, kuma ya aka yi kika sani?” Ban shirya wa wannan tambayar ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “'Yata tana cikin motar, ita ce ta ji ciwo.” Na kashe wayar. Wallahi ba Fanna nake nufi ba, ko tuna ta ban yi ba a lokacin, so nake kawai ya yarda da ni. Da aka buɗe ƙofa yara suka fito da gudu, na ji wani sanyi a raina irin wanda na daɗe ban ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Mai bincike ya zo, bai ma tsaya a layinmu ba, makaranta ya wuce kai tsaye. Maigadi ya faɗi abin da ya sani. Ba a jima ba kamfani ya aiko wa Yagana cewa ta saɓa sharaɗi, ba za su biya komai ba. Motarta tana can a gareji an rufe ta da tamfol, mai motar kayan da ta daka yana zuwa ƙofar gidansu yana ɗaga murya, mijinta ya daina gaisawa da mutane a masallaci. Iyaye suka fara kira na, “Anti, ko akwai wuri?” Akwai mana. Motata ta cika har ina mayar da wasu. Na ce a raina Allah ya yi mini sakayya.

Abin da ban yi tunaninsa ba, ni da ake ce wa farfesar inshora, shi ne cewa ba motar kaɗai ce ke cikin takardar ba. Da ƙaryar Yagana ta wuce, da kamfani ya biya kuɗin asibitin Aisa. Ashe shi ya sa Fanna ta amince ta yi shiru tun farko. An yi wa yarinyar ɗori a asibiti amma ƙashin bai zauna daidai ba, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, idan aka daɗe hannun zai ƙage, ba za ta iya miƙe shi ba. Kuɗin aikin ya fi ƙarfin mai keke da tela. Yagana kuma ta ce ita ba ta da shi, su je su karɓa a wajen wanda ya tona mata asiri. Ina cikin wanke-wanke wata maƙwabciya ta kawo mini wannan labarin, na ci gaba da cuɗa kwano ɗaya har ta tambaye ni ko lafiya.

Sai kuma abin ya ƙara lalacewa. Mijin Yagana ya je kamfanin ya yi ta faɗa, a cikin hayaniyar wani ma'aikaci ya yi suɓutar baki ya ce wata mata ce ta kira, mai harshen Kanuri, ta ce 'yarta ce ta ji ciwo a motar. Yarinya nawa ce ta ji ciwon kirki? Ɗaya. Kafin magariba Yagana tana ƙofar gidan Fanna, mata sun taru, tana nuna ta da yatsa tana cewa, “Kin ci amanata, kin zauna mun yi magana kin ce to, ashe macijiya ce ke. Kin zaci idan kika kai ƙarata za su ba ki kuɗi kai tsaye ko? To ga shi kin kashe ni kin kashe 'yarki.” Fanna tana rantsuwa da Kanuri tana rantsuwa da Hausa, tana cewa ita ko lambar kamfanin ba ta da ita, babu mai sauraron ta. Ina tsaye a cikin matan. Na sulale na koma gida.

Tun daga ranar mata suka janye ɗinkinsu daga wajen Fanna, har da kayan bikin da ta riga ta yanka. Mijinta da kansa ya fara zarginta, an ce ya ce mata idan ita ce ta hana 'yarsa magani da dogon bakinta to ta tattara ta koma gidansu a Old Maiduguri. A gidana kuma muna cin tuwo maigidana ya ce, “Duk matar da ta yi wannan wayar ba ta da imani. Yagana ba ta kyauta ba, amma a rasa wanda za a rama a kansa sai yarinya ƙarama?” Na ce masa miyar ta yi gishiri ne, na tashi na shiga ɗaki. Shi da ya ce na zuba kuɗi a rijiya, yau shi ne mai wa'azin imani.

Na gwada gyarawa, kada ku ce ban gwada ba. Na sake kiran saurayin nan, wannan karon da muryata da lambata, na ce ni maƙwabciyarsu ce, ina tambaya ko akwai yadda za a yi a taimaki yarinyar ko da ba a biya motar ba. Ya ce an rufe maganar, sun samu shaida daga makaranta da kuma kuɗin da iyaye ke turawa, ko wadda ta kira ta dawo ta janye ba abin da zai canza. Sai ya ce, “Hajiya, ba ke ce kika taɓa zuwa ofishinmu kina tambayar farashin motar ɗaukar yara ba?” Na ce ni ce. Ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin har yanzu yana kunnena. Ban sani ba ko ya gane, ban sani ba ko zai yi magana.

Yanzu ni ke kai Aisa asibiti duk ranar da za a duba ta, ba na karɓar komai. Tana zama a baya da hannunta a rataye, tana ba ni labarin ƙawayenta, tana ce mini Anti idan hannuna ya warke zan zana miki mota. Uwarta tana gefena tana yi mini addu'a tun daga gida har asibiti, Allah ya raya miki zuri'a, Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana. Kun san yadda wannan addu'ar take a kunnen wadda ta san abin da ta yi? Na tura wa Fanna ɗan abin da zan iya ta hannun wata, na ce kada a faɗi daga inda ya fito, amma bai kai ko kusa da kuɗin aikin ba.

Duk da haka bari in faɗa muku gaskiyar zuciyata, ko za ku tsine mini. Ban yi nadamar abin da ya samu Yagana ba, ko kaɗan. Ƙarya na yi mata? Haya take yi ko ba haya take yi ba? Wa ya rubuta ƙarya a takarda, ni ko ita? Wa ke duba waya da 'ya'yan mutane a mota? Wa ya zaunar da ƙaramar yarinya a kujerar gaba don a samu wurin ƙara fasinja? Da ta biya abin da na biya, da yau an yi wa Aisa aiki, an gyara motarta, ba wanda ya isa ya hana. Iyayen nan ma da suke ta kumfar baki, ba su ne na bi gida-gida ina yi wa bayani suka gudu saboda ragin da bai kai kuɗin katin waya ba? Su kuma kamfanin, da suka karɓi kuɗinta ba su tambayi maigadin makaranta ba, sai da ranar biya ta zo suka iya bincike. Kowa yana da hannu a ciki, amma ni kaɗai ce ba na iya barci. Abin da ba ni da amsarsa guda ɗaya ne: na ce 'yata ce ta ji ciwo. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta faɗa a kan matar da ba ta taɓa yi mini komai ba. Ko a wajen sunan nan da aka yi mini dariya, Fanna tana can baya tana rabon abinci, ba ta cikinsu.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne an kai magana gaban Bulama, mai unguwarmu. Ya sa ranar Asabar, kuma Yagana ta dage sai Fanna ta dafa Alƙur'ani. Fanna ta ce za ta dafa, don ta san ba ita ba ce. Yagana ta ce idan ta dafa, to duk uwar da ɗanta ke motar ranar sai ta dafa, har a samu mai laifin. Kun ga ni ba na ciki. 'Ya'yana ba su taɓa hawa motarta ba, kuma a wajensu ni Afuno ce, ba wanda zai kawo ni a ransa idan ana maganar mai harshen Kanuri. Idan na yi shiru zan fita fes. Amma ko Fanna ta rantse na san mutanen layinmu, za su ce ta rantse a kan ƙarya ne, duk ciwon kan da ya same ta nan gaba za a ce Alƙur'ani ne ya kama ta. Idan kuma na tashi na ce ni ce, na san abin da zai biyo baya. Iyaye za su kwashe 'ya'yansu, don ba wanda zai ba matar da ta yi haka amanar ɗansa. Mijin Yagana zai ce in biya motar. Maigidana ban san abin da zai yi ba, amma na ji hukuncinsa tun a kan tuwo. Kuma duk wannan ba zai sa kamfani ya biya aikin hannun Aisa ba. Na yi tunanin in sayar da motata in biya aikin a ɓoye in ci gaba da yin shiru, to amma da me zan ci, kuma sunan Fanna fa, wa zai wanke shi? Na yi tunanin in je wajen Fanna ita kaɗai in faɗa mata, sai in tuna dole ta faɗa don ta ceci aurenta, kuma tana da gaskiya idan ta faɗa.

Jiya da safe Yagana ta tare ni a ƙofa, ta rame, ba turare ba kwalli. Ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Na san na ɓata miki a baya, ki yafe. A layin nan ke kaɗai ce kika san harkar inshorar nan, kuma ke kaɗai ce ba ki yi mini dariya ba. Ranar Asabar ki zo ki zauna a gefena ki yi wa Bulama bayanin asarar da matar nan ta jawo mini.” Ko a lokacin, da hannunta a cikin nawa, ban ji na yafe mata ba. Na ce mata to. Da yamma kuma na sauke Aisa a gida, Fanna ta biyo ni har mota ta leƙo ta taga ta ce, “Anti, ba ni da kowa a layin nan yanzu sai ke. Ba sai kin yi magana ba, ki zo kawai ki tsaya a bayana lokacin da zan dafa, in san akwai mutum ɗaya da ya yarda da ni.” Ita ma na ce mata to.

Ga inda nake. Wadda ta zo da zagi ta riƙe abinta, wadda ta san Allah kuma ta san rayuwa ta gaya mini. Kowaccensu tana jira na ranar Asabar, kuma ni ce matar da suke nema. Me zan yi?